Masoron Badaru

Alhaji Imrana, wanda kowa a layin 'yan kayan yaji ke kira Baba, ya daina gani, amma hancinsa bai tsufa ba. Tun da yana ta rufe masa idanu ya koma zama a kan wani buhun kimba a bakin rumfarsa, cikin kasuwar Ose Okwodu ta Anacha. Duk kayan da aka sauke sai an ɗebo an zuba masa a tafin hannu, ya murza, ya kai hanci, sannan ya yanke hukunci. Citta ce, kanumfari ne, barkono ne, in ya ce a kai baya, to magana ta ƙare.

'Ya'yansa maza biyu ke riƙe da rumfar, Badaru da ƙaninsa Zainulabidin. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma in ba a gaya maka ba, ba za ka ce ko unguwa sun haɗa ba. Badaru ana yaye shi kakarsu ta zo ta tafi da shi ƙauye can ƙasar Bichi. A can ya tashi da fartanya a kafaɗa, bai dawo Anacha ba sai bayan rasuwarta, da gemunsa da iyalinsa. Zainu kuwa a nan aka haife shi, tsakanin buhunan nan ya yi rarrafe, yaren Ibo a bakinsa kamar a nono ya sha shi. In matan kasuwa suka zo sayayya sai ka ji ana ta shewa da shi, Badaru na gefe yana ƙulla leda ya sha kunu, bai san abin da ake faɗi ba. Kullum kuma zuciyarsa sai ta ce masa da shi ake.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ke cin Badaru shi ne masoro.

Masoron rumfar Baba ba sayo shi ake yi ba. Tun yana saurayi Baba ya yi aboki, wani ɗan ƙabilar Ibo, Mazi Okonta, mai wani yanki na kurmi a ƙauyensu kudu da Anacha, can inda kwalta ke ƙarewa mutum ya hau okada. Shi masoro yaɗo ne, yana nannaɗe manyan itatuwa ya bi su sama, 'ya'yansa na reto jajaye, sai an tsinko an shanya su yi baƙi. Mazi Okonta ya ce wa Baba, itatuwa nawa ne, abin da ya hau su naka ne. Har ya rasu maganar ba ta tashi ba. Da idon Baba ya tafi, sai Zainu ya gaji zuwa tsinka.

Kowace shekara in Zainu ya kawo buhun farko, Baba zai murza, ya shaƙa, ya lumshe idanun da dama ba gani suke ba, ya ce, "Madalla. Wannan shi ne masoro. Allah ya yi maka albarka, Zainu." A nan Badaru ke jin kamar an watsa masa barkono a ƙirji. Shi ke sammakon tarar motar albasa, shi ke kokawa da 'yan dako, shi ke rufe rumfa, amma ladansa bai taɓa wuce "sannu Badaru" ba. Ba wai Baba na ƙin sa ba ne. Da ƙi ne ma da ya fi masa sauƙi, ya san inda ya tsaya. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba: rana ɗaya tsohon nan ya shaƙi abin da ya fito daga hannunsa, ya lumshe ido haka, ya kira sunansa.

Wata shekara dai ya kasa haɗiyewa. Baba na gama sa wa Zainu albarka, Badaru ya ajiye mudu da ƙarfi.

"Baba, ni fa manomi ne. A gidan nan ni kaɗai na san yadda ake sa ƙasa ta ba da abu. Amma an mai da ni ɗan dako, kurmi sai mutum ɗaya."

Baba ya juyo da fuskarsa wajen muryar, Badaru ya fara nadamar buɗe baki. Sai tsohon ya ce, "Ka yi gaskiya. Na yi jinkiri. Akwai rafi da ya ratsa kurmin. Daga hanya zuwa rafi na Zainu ne. Tsallaken rafi naka ne, Badaru. Ka riƙe shi da kyau."

Zainu ya ɗago kai da sauri kamar zai yi magana, sai kuma ya fasa ya sunkuyar da kai. Badaru ya ga wannan ɗagowar kan, ya adana ta a ransa.

Ranar da Zainu ya kai shi ya ga rabonsa, tun daga bakin kurmin Badaru ya fara tsaki. Rana na tsakiya, amma suna shiga sai ka ce magariba ta kawo jiki. Ƙasa ta yi taushi da ruɓaɓɓen ganye, ko'ina ɗigar ruwa, sanyi na ratsa riga. A sama tsuntsaye na ta hayaniya, birai na tsalle daga reshe zuwa reshe suna zubo musu ɓawo a ka. Ɓangaren Zainu da dama-dama, don yana kusa da hanya, haske na ɗan leƙowa. Da suka tsallaka rafi kuwa sai duhun ya ninka. A tsakiya ga wani itacen loko, irin wanda mutum biyar ba za su zagaye shi da hannu ba, yaɗon masoro mai kaurin damtse ya nannaɗe shi har inda ido ba ya kaiwa.

Badaru ya ɗaga kai, ya sauke, ya yi ƙwafa. Wato abin da ɗagowar kan nan ke nufi ke nan. An ba ɗan lele wajen haske, shi an ba shi rami.

"Ta ina shuka za ta yi albarka ba ta ganin rana?" ya ce.

"Shi haka yake so, Yaya," in ji Zainu. "Baba ya ce kada a taɓa komai. Tsinka kawai ake yi, a tafi."

"A tsinka a tafi. Wannan ai ba noma ba ne, tsintuwa ce."

Zainu ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Badaru kuwa ba wasa yake ba. Shi da ya tashi yana ganin geron gindin gawo da na gindin ɗorawa, ya san wanda inuwa ta danne yadda yake tsumburewa. A Bichi in bishiya ta rufe gona sassabe ta ake yi, ko yaro ya san haka. Yanzu wanda bai taɓa yin kanta a hannu ba ne zai koya masa abin da shuka ke so? Ko dai Zainu bai sani ba, ko kuwa ya sani yana so ya bar shi a duhu. Duk wanda Badaru ya juya a ransa, sai ya ji ya fi ɗayan zafi.

Mazi Okonta ya bar ɗa, Ikenna, mai shagon kayan mota a Fatakwal. Ya daɗe 'yan katako na zuga shi a kan itatuwan ubansa, amma duk lokacin da ya taso sai Zainu ya je ya lallashe shi da yarensu, ya tuna masa alkawarin iyaye, ya koma. Da aka gama tsinkar shekarar, kurmi ya koma ba mai zuwa, sai Baba ya tura Zainu Inugu ya je ya kafa musu rumfa a kasuwar Artisan. Shi ma wannan Badaru bai ji daɗinsa ba, don ba a ko tambaye shi ba. Wata rana ya raka motar albasa zuwa kasuwar Mile One ta Fatakwal, ana gama saukewa ya nemi shagon Ikenna.

Da guntun Turancinsa da guntuwar Hausar Ikenna suka fahimci juna. Badaru ya ce tsallaken rafi yanzu a hannunsa yake, kuma ya yarda a sare.

"Alhaji ya sani?" in ji Ikenna.

"Shi ya ba ni wurin."

"To nawa ne naka a ciki, Oga Badaru?"

"Ko sisi ba na so. Itatuwa naku ne, ka kwashe. Ni rana nake so."

Ikenna ya dube shi kamar yau ya fara ganin Bahaushe, ya ce, "No wahala."

Ba a daɗe ba injinan yanka suka shiga kurmi. Badaru ya tsaya a kansu da kansa, don ba ya so a ɓata masa yaɗo. Ya sa aka datse kowane yaɗo daidai tsayin mutum, ya kafa sanduna layi-layi kamar na doya, ya ɗaure su da igiya, aiki tsaf irin na wanda ya san gona. Loko aka bari a ƙarshe. Injin ya yini yana kuka a jikinsa kafin itacen ya yi wata ƙara ya faɗi, ya danne ƙananan itatuwa, ƙasa ta girgiza har cikin haƙoran mutum. Birai suka tsallake rafi da 'ya'yansu manne a cikinsu, tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya suka yi ta zagaye sama ba su sami wurin sauka ba.

Sai ga rana ta zubo, fara tas. Badaru ya tsaya a cikinta ya buɗe ƙirji. Tun da ya bar Bichi bai taɓa jin yana gida ba sai ranar. Har ya hango abin a ransa: buhunsa ya ninka na Zainu, Baba ya shaƙa ya lumshe ido, Zainu na gefe yana ƙulla leda.

Da farko yaɗon ya yi sabon toho, Badaru ya riƙa tafiya a kasuwa kamar an yi masa sarauta. Daga nan ganye ya fara yin rawaya daga baki, ya nannaɗe, ya zube. Ƙasar nan mai taushi ta bushe ta tsattsage. Ya ce ƙishirwa ce, ya riƙa jido ruwa daga rafi da jarka. Ya ce yunwa ce, ya yi dakon takin kaji a bayan okada har mai okadan ya ce ba zai ƙara ɗaukar sa ba. Da ruwan sama ya sauko sosai sai ya kwashe baƙar ƙasar gaba ɗaya ya zuba a rafi, ya bar jar ƙasa tsirara da kwazazzabai. Ciyawa mai kaifi ta fito ta rufe sandunan. In Baba ya tambaye shi, "Ya kurmi?" sai ya ce, "Lafiya lau, Baba," ya sami abin da zai ɗauka ya bar wurin.

Lokacin tsinka ya zagayo, Zainu ya dawo daga Inugu ya wuce kurmi da buhunansa. A bakin rafi ya tsaya cak. Badaru na tsallake zaune a kan kututturen lokon, da busasshen yaɗo a hannu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Zainu. Ya daɗe yana kallo kafin ya ce, "Yaya."

"Faɗi mana!" Badaru ya miƙe. "Faɗi abin da ke bakinka. Ai ka samu yadda kake so. Je ka gaya masa baƙauyen ɗansa ya yi ɓarna, a ƙara sa maka albarka."

"Ba zan gaya masa ba. Zuciyarsa ba za ta ɗauka ba."

Da Zainu ya zage shi, ko ya kai masa naushi, da Badaru ya ji sanyi. Amma ina. Zainu ya juya ya shiga nasa ɓangaren, wanda shi ma gefensa ya ƙone saboda iska da rana da ke shigowa ta tsallake, ya tsinko abin da ya samu. Da masoron ya bushe sai ya raba shi buhu biyu, ya ajiye ɗaya a ƙofar Badaru ya wuce. Badaru ya tsaya a kan buhun yana jin kamar ya cinna masa wuta. Hatta rufin asirinsa ma sai ta hannun Zainu zai fito. Yaron nan bai bar masa komai ba, ko damar ya ƙi shi da hujja. Duk da haka ya ɗauki buhun ya kai rumfa.

Baba ya fara da na Zainu, ya shaƙa, ya sa masa albarka. Aka zuba masa na Badaru. Ya murza, ya kai hanci, ya daɗe. Ya sake murzawa.

"Madalla," in ji Baba. "Allah ya yi maka albarka, Badaru."

Ga shi nan, abin da ya yi shekaru yana jira, a gaban Zainu, a gaban maƙwabtan rumfa. Sai dai Baba bai lumshe ido ba, bai kuma ce wannan shi ne masoro ba. Ya kaɗe hannunsa a riga ya ce, "Gobe ku kai ni kurmi. Ina so in zauna a gindin loko."

Zainu ya kawo zancen ƙafa, ya kawo zancen hanya ta lalace, ya ce a bari sai an yi rani. Baba ya ce gobe.

Washegari da hantsi suka sauka daga okada a bakin kurmin, Zainu na riƙe da hannun Baba, Badaru na biye da tabarma. Suna shiga inuwa tsohon ya ja dogon numfashi, fuskarsa ta saki. Ya riƙa shafa itatuwa yana wucewa, yana faɗin sunan kowanne, yana tsayawa ya saurari tsuntsu ya ce wancan kaza ne. Badaru bai taɓa ganin sa da fara'a haka ba, kuma a gonar Zainu ce.

A bakin rafi Zainu ya goya shi suka tsallaka. Yana sauke shi ya yi wuf ya buɗe laimar da ya ɓoyo a hammata, ya riƙe masa a ka. Suka ɗan taka kaɗan. Baba ya tsaya.

"Zainu, sauke laimar nan. Ina jin rana a ƙafafuna."

Zainu ya sauke. Rana ta daki hular Baba da kafaɗunsa. Ya karkata kai yana saurare, ba abin da ke motsi sai ciyawa. Ya zare hannunsa daga na Zainu, ya ci gaba shi kaɗai yana laluben hanya da sanda, ƙafarsa ta san wurin. Da ya kai inda ya sani, ya miƙa hannu daidai ƙirji don ya dafa lokon, hannun ya wuce cikin iska. Ya sake miƙawa. Sannan ya sunkuya a hankali har tafinsa ya sauka a kan kututture. Ya shafa shi daga wannan baki zuwa wancan, ya zauna.

"Tun a rumfa na ji," ya ce. "Buhu biyu, ƙamshi ɗaya, kuma babu na gindin loko a ciki. Na ce ko tsutsa ce ta kama shi."

"Baba, ni ne," in ji Badaru. "Na ga wurin duhu ne. Na ce in ya sami rana zai fi na kowa."

"Zai fi na kowa." Baba ya gyaɗa kai. "Ai dama ya fi na kowa. Ranar da kakarku ta tafi da kai, na kasa zaman gida, uwarka na kuka ni ma ba dama in yi a gabanta. Na taho nan wajen Okonta. Shi ya ba ni reshen masoro, na dasa a gindin itacen nan da hannuna. Duk shekarun da kake can, in kewarka ta dame ni, nan nake zuwa in zauna in ga inda ya kai, in ce yanzu Badaru ma ya yi kaza. Buhun farko da Zainu ke kawo mini kullum daga jikinsa ake tsinko shi. Ni na ce a riƙa fara kawo mini shi."

Badaru ya dubi Zainu. Zainu ya sunkuyar da kai, irin dai yadda ya yi ranar rabo.

"Da ka ce kana so, na ce to mai abu ya zo," in ji Baba. "Shi ya sa na ba ka tsallaken rafi."

Gumi ya fara gangarowa daga ƙarƙashin hular tsohon. Ya laluba gefen kututturen ya ci karo da guntun busasshen yaɗo, ya murza shi ya kai hanci, ya yar.

"Rana ta yi zafi," ya ce. "A tashe ni."

Ya miƙa hannu, bai kira sunan kowa ba. Zainu ya ja da baya a hankali, ya bar wa yayansa wuri. Badaru ya ga hannun, ya ga kuma ja da bayan da Zainu ya yi, ya ji abin nan da ya saba ji ya taso masa a ƙirji, ko a nan ma sai an yi masa alfarma. Ya so ya matsa, ƙafarsa ta ƙi, tabarma na nan a hammatarsa bai ko shimfiɗa ta ba. Hannun ya daɗe a miƙe cikin rana.

"Zainu," in ji Baba, "kama ni mu tafi."